Korunya: lardin da ya mai da tarihin ƴan ci-rani wurin ziyara

Duk wanda ya buga sunan lardin Korunya a wayarsa, hotuna biyu zai fara cin karo da su: babbar majami'ar Santiyago de Kompostela da wata doguwar hasumiya a bakin teku. Lardin yana can ƙuryar arewa maso yammacin Sifaniya, cikin yankin Galisiya, inda mutane ke da harshen kansu, ɗan uwan na Fotugal. A ganina, ɗan Nijar da ke zaune a Turai, ko matashin Maraɗi da Tawa mai mafarkin ƙetarawa, in ya tsaya kan waɗannan biyun kawai, ya bar baya da abin da ya fi shafarsa.

Ba raina su nake yi ba. Hasumiyar Harkules fitilar jiragen ruwa ce da Rumawa suka gina kusan shekara 1,900 da suka wuce, kuma har yau tana haska wa jirage hanya. Tsawonta mita 55, an yi mata sabuwar riga ta dutse a ƙarshen ƙarni na 18, hukumar UNESCO ta saka ta cikin kayan tarihin duniya a 2009. Majami'ar Santiyago kuwa an aza harsashinta a 1075, bayan da Almansur, jagoran yaƙin Andalus, ya rushe wadda ta gabace ta a 997. Masu tarihi sun ce ya hana a taɓa kabarin da Kiristoci ke girmamawa, amma ya kwashe ƙararrawoyin zuwa Ƙurɗuba, kuma ba su koma gida ba sai bayan 1236. A 2024 kusan mutum dubu 500 ne suka karɓi takardar shaidar isa garin, yawancinsu a ƙafa. Cunkoson ya kai ƴan gari na kukan tsadar haya. Wannan wurin ba ya buƙatar in yi masa talla.

Abin da ya kamata mai ziyara ya fara sani shi ne Galisiya ƙasar ƴan ci-rani ce. Tun daga tsakiyar ƙarni na 19 talauci da ƙarancin gona suka riƙa tura samari tashar jiragen ruwan Korunya, su nufi Ajantina, Kuba da Urugwai. Sun yi yawan da har gobe a Buwenos Aires duk ɗan Sifaniya "gayego" ake ce masa, wato Bagalise. A shekarun 1960 sai akalar ta juya zuwa Suwis, Jamus da Faransa, aikin gini da wanke-wanken otel. Ƙauyuka suka koma na mata da tsofaffi. Wanda ya san garuruwanmu bayan an gama girbi, lokacin da motocin Libiya da Abijan ke cika, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Shi ya sa nake cewa a je Betansos, ƙaramin gari mai nisan kamar kilomita 25 daga birnin Korunya. Wasu ƴan uwa biyu, Huwan da Hesus Garsiya Nabeira, sun bar garin suna samari, suka yi arziki a Ajantina, suka dawo. Makarantu suka gina, da gidan tsofaffi, da wurin wanki na jama'a a bakin kogi don matan gari. Daga 1893 Huwan ya fara wani lambu da ya kira Pasatempo, mai koguna da tafkuna da siffofin abubuwan da ya gano a duniya: dalar Masar, mashigin Panama, da bango guda na agogai masu nuna lokacin biranen duniya daban-daban. Mutum ne da ya ga duniya, ya so maƙwabcinsa da bai taɓa fita ba shi ma ya leƙa. Bayan mutuwarsa lambun ya shiga wani hali, aka yanke filinsa, abin da ya saura kaɗan ne. Duk da haka ina ganin ya fi majami'ar Santiyago magana da ɗan ci-rani, domin yana ɗauke da tambayoyi biyu da muke kaucewa: me za ka bar wa garinku banda bene mai ƙofar ƙarfe, kuma wa zai riƙe shi in ka kau?

Daga nan sai gaɓar da suke kira Kosta da Morte, wato gaɓar mutuwa. Kusa da Kamarinyas akwai maƙabartar da ake ce wa ta Ingilishi. A watan Nuwamban 1890 jirgin sojan ruwan Ingila mai suna Serpent ya daki duwatsu, cikin mutum sama da 170 uku kaɗai suka tsira. Ƙauyawa ne suka riƙa tsamo gawarwakin baƙin da ba su san su ba, suka binne su, aka kewaye wurin da katanga. Can kudu kuma, a tsibirin Salbora, jirgin Santa Isabel ya nutse ranar 2 ga Janairun 1921, mutum 213 suka mutu, da yawansu masu niyyar zuwa Ajantina neman abinci. Mazan tsibirin akasari ba sa nan a daren, ƴan mata uku na cikin waɗanda suka tura kwale-kwale cikin igiyar ruwa suka ceto mutane.

Waɗannan wurare biyu yanzu suna cikin taswirar masu yawon buɗe ido, da alluna da bayani. A nan ne nake jin wani abu ya tokare ni. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawarwaki 92 a hamada tsakanin Arlit da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga yankin Kance. Mu nawa ne ke iya faɗin sunan ko mutum ɗaya daga cikinsu? Galisiyawa ba su fi mu son matattunsu ba. Bambancin shi ne sun ɗauki fitar talaka neman abinci a matsayin tarihi, suka rubuta, suka kafa masa alama, mu kuwa muna ɗaukarta abin kunya da ake binnewa tare da mai shi.

Na san abin da wani zai ce: wanda ke tsinkar tumatir a Almeriya, takardunsa ba su cika ba, gida ana jiran saƙon kuɗin hatsi, ina shi ina yawon buɗe ido? Gaskiya ne, kuma ban ce kowa ya ci bashi ya tafi ba. Da waɗanda suka samu wurin zama nake, masu takarda da hutun shekara, waɗanda ke kashe kuɗin jirgi don su ɗauki hoto gaban filin ƙwallon Barsalona. Daga Madrid zuwa Santiyago tafiyar kamar awa uku ce a jirgin ƙasa, daga nan zuwa Korunya kusan rabin awa. Maƙabartar Ingilishi a fili take, ba mai karɓar ko sisi. Salbora ce ke son shiri, domin tana cikin gandun da hukuma ke karewa, sai da izini ake sauka.

Kan hanyar gaɓar, wanda ya tashi a karkara zai ga abin da zai sa shi murmushi: rumbuna. Suna kiran su "orreyo", na dutse ne ko katako, an ɗora su kan ƙafafu, kowace ƙafa da faifan dutse a kanta don kada ɓera ya hau. Dabarar da manomin Gobir ya sani ce, sai dai su masara suke zubawa. Na garin Karnota, wanda aka gina a ƙarni na 18, ya haura mita 30 a tsawo, kuma motocin baƙi na tsayawa dominsa kaɗai.

Sai Padron, kudu da Santiyago, inda gidan da marubuciya Rosaliya de Kastro ta ƙare rayuwarta ya zama gidan tarihi. Ta yi waƙa da Galisiyanci a zamanin da ake ganinsa yaren ƙauyawa, kuma cikin abin da ta fi waƙewa akwai matan da mazansu suka tafi Kuba suka bar su da jira. Littafinta na farko a harshen ya fito a 1863, kuma tun 1963 ranar 17 ga Mayu ta zama ranar adabin Galisiya saboda shi. Jirgin ƙasa daga Santiyago yana tsayawa dab da ƙofar gidan.