Daga Libiya Zuwa Porga: Yadda Wutar Ta Iso Mu

Jama'a, wannan fitina ba a Benin ta faro ba. Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, makamai suka kwararo Mali. Faransa ta kawo sojoji a 2013, amma wutar ta tsallaka Burkina Faso, maƙwabciyarmu. A Mayun 2019 aka sace Faransawa biyu a dajin Pendjari, ƙarshen 2021 kuma aka kashe sojojinmu a Porga.

Darasin Mali a fili yake: inda aka yi wa Fulani kuɗin goro, 'yan ta'adda sun samu mabiya. Wajibi ne mu malaman Zango da Fidjrossè mu karantar da matasa haramcin zubar da jini, hukuma kuma ta tsare adalci. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.