Taimakon Gwamnati, Ta Hannun Wa Zai Bi?

'Yan'uwa manoma, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a taron ƙungiyoyinmu na gama kai. Waɗansu suna cewa mu daina sa ido ga gwamnati, gama mu da ekklesiya mun isa mu riƙe juna. Waɗansu kuwa suna cewa ina amfanin wahalar tara kuɗi da rubuta littafi, tun da taki da bashi da hatsin agaji duk a hannun gwamnati suke. A ganinmu dukansu sun tsallake tambayar da ta fi nauyi, watau idan taimako ya fito, ta hannun wa zai bi kafin ya kai ga mai riƙe da fartanya. Manoman Amurka sun yi wannan gardama da yunwa a cikinsu, a ƙarƙashin shugabanni biyu, labarinsu kuwa ya isa a saurara.

A watan Oktoba 1929 kasuwar hannun jari ta New York ta rushe, ta ja ciniki duka ta faɗi da shi. Kafin ƙarshen 1933 bankuna wajen 9,000 sun rufe, da ajiyar mutane a ciki. Cikin kowane ma'aikata huɗu, ɗaya ba shi da aiki. Laba ɗaya ta auduga wadda ake saye wajen senti 17 a 1929 ta koma ƙasa da senti 6 a 1931, senti 100 kuwa shi ne dala ɗaya. A jihar Iowa masara ta yi arha har waɗansu suka riƙa zuba ta a murhu maimakon gawayi. Rumbuna cike, mutanen birni kuwa suna layi domin kwanon miya. Abu ɗaya ne bai yi arha ba, shi ne bashin da ke kan gona. Iskar ta kaɗo har ƙasarmu: kuɗin gyaɗa ya faɗi a Kano, aka sallami ma'aikatan kuza a Jos, mai karɓar haraji kuwa bai daina zuwa ba.

Shugaban Amurka a lokacin shi ne Herbert Hoover. Kada mu ɗauke shi mugu. Maraya ne da ya tashi cikin gidan masu ibada, shi ne kuma ya shugabanci aikin ciyad da miliyoyin mutane a Beljiyam lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da kuma a Rasha cikin yunwar 1921. Ba wanda ya fi shi sanin yadda ake kai hatsi ga mayunwata. Amma ya gaskata cewa idan gwamnatin tarayya ta fara ba mutanenta abinci kyauta, zuciyarsu za ta mutu, zumunci kuma ya lalace. Ciyad da matalauci, a wurinsa, aikin maƙwabci ne, da ekklesiya, da ƙungiyoyin jinƙai, da hukumar gari.

Maganar tana da daɗin ji, musamman a kunnen masu bi. Fari na 1930 ne ya gwada ta. Damina ta ƙi a jihohin kudu, Arkansas ta fi shan wuya. Majalisa ta ware dala miliyan 45, Hoover kuwa ya yarda a ba da su rance domin iri da taki da abincin dabbobi, amma ban da abincin mutane. Wannan, in ji shi, na ƙungiyar Red Cross ne. 'Yan majalisa suka yi ta yi masa gori, wai gwamnati ta yarda ta ciyad da alfadari amma ba ta yarda ta ciyad da ɗan mai alfadarin ba. Ran 3 ga Janairu 1931 manoma ɗaruruwa suka shiga wani ƙaramin gari mai suna England a Arkansas, suka tsaya a bakin kantuna suka ce ba za su koma gida hannu wofi ba. 'Yan kasuwa suka buɗe suka ba su.

Zumunci dai bai mutu ba. Sa'ad da banki ya sa gonar mutum a gwanjo saboda bashi, maƙwabta sukan cika wurin tun da safe. Wani ya taya saniya senti biyar, wani ya taya garma senti goma, baƙon da ya so ɗaga farashi kuwa sai ya ga ƙarti sun kewaye shi shiru. A gama gwanjo a kan 'yan daloli, a mayar wa mai gona kayansa. Wannan gayya ce sosai. Amma gayya tana ceton gona ɗaya ne a rana ɗaya. Ba ta iya ta da farashin auduga, ba ta iya buɗe bankin da ya rufe. Baikon ekklesiya daga aljihun 'yan ekklesiya yake fitowa, idan aljihun kowa ya huje a shekara ɗaya, faifan baiko ma wofi zai dawo. Duk wanda ya ga farin 1973 ya san haka. Hoover ya sassauto a 1932, ya yarda a ranta wa jihohi dala miliyan 300 domin agaji, amma rana ta riga ta yi. A zaɓen Nuwamba Franklin Roosevelt ya ci jihohi 42 cikin 48.

Roosevelt ɗan masu arziki ne, shan inna kuma ta riga ta kashe masa ƙafafu tun 1921. Ya kama mulki ran 4 ga Maris 1933, ya rufe bankuna duka na 'yan kwanaki domin a bincika su, ran 12 ga wata ya yi wa jama'a magana ta rediyo, ya bayyana musu yadda banki yake juya ajiyarsu, da harshen da tsohuwa a ƙauye za ta gane. Da aka buɗe, mutane suka fara komo da kuɗin da suka ɓoye. A watan Mayu aka ware dala miliyan 500 domin agaji, kyauta ga jihohi, ba rance ba. Aka ɗebi samari marasa aiki zuwa sansani suna dasa itatuwa da tare zaizayar ƙasa, ana biyan kowa dala 30 a wata, dala 25 a ciki kuwa gida ake aika wa iyaye. A nan muna tare da Roosevelt ba tare da wata shakka ba. Yusufu bai ce wa Masarawa kowa ya nemi maƙwabcinsa ba, rumbunan Fir'auna ya buɗe.

Amma ga inda ya kamata mu buɗe ido. Dokar gona ta Mayu 1933 ta ce amfanin gona ya yi yawa, saboda haka za a biya manomi domin ya rage noma, farashi ya tashi. Aka bi da garma a kan auduga eka wajen miliyan 10 wadda ta riga ta tsiro, aka yanka aladu wajen miliyan 6, a ƙasar da yara suke kwana da yunwa. Mu da muke tsince ƙwayar dawa a masussuka, wannan yana yi mana wuyar haɗiya. Farashi dai ya tashi. Sai dai a jihohin auduga yawancin masu sunkuyawa a gona ba su ne masu gonar ba. Noma-mu-raba suke yi, baƙaƙe da farare, ba su da ko taki ɗaya na ƙasa. Takardar kuɗin gwamnati kuwa da sunan mai ƙasa take fitowa, a kan shi zai ba su rabonsu. Da yawa ba su bayar ba. Tun da an rage auduga, ba a bukatar hannuwa da yawa, sai mai ƙasa ya kori iyalan da suka shekara suna yi masa noma, ya sayi tarakta da kuɗin. Kwamitocin da ke duba rabon a gundumomi kuwa masu ƙasa ne suke zaune a ciki. Kura ce aka ba ajiyar nama.

A watan Yuli 1934, kusa da garin Tyronza a Arkansas, mutum 18, farare 11 da baƙaƙe 7, suka taru a wata makaranta suka kafa ƙungiyar manoma marasa ƙasa. A kudancin Amurka na wancan zamani, zaman baƙi da fari a benci ɗaya kansa abin jawo dūka ne, sun kuwa sha dūka da kora da kurkuku. Masu wa'azi suna cikin shugabanninsu, a majami'u kuma suka yi yawancin taronsu. Ko dokar fansho ta 1935 ta tsallake 'yan ƙwadagon gona da masu aikatau a gidaje. Abin ya tuna mana da Ayyukan Manzanni sura 6, inda abinci yana nan, ana kuwa rabawa kowace rana, duk da haka gwaurayen wani sashe suna kwana da yunwa, har sai da aka sāke masu rabon.

Wani taimakon kuma ya bi wata hanya dabam. A 1933 gwamnati ta zuba jari aka kafa ƙungiyoyin ba da rancen noma a gundumomi. Duk wanda ya karɓi rance sai ya sayi hannun jari na kashi 5 cikin 100 na abin da ya karɓa, ya zama ɗan ƙungiya mai ƙuri'a. A hankali manoma suka riƙa mayar wa gwamnati jarinta, a 1968 suka gama biya, ƙungiyoyin suka zama nasu ɗungum. Haka kuma wutar lantarki. A 1935 gona ɗaya ce cikin goma take da wuta, gama kamfanoni sun ce jan waya zuwa ƙauye ba riba. Gwamnati ta ce za ta ba da rance mai sauƙin ruwa. Kamfanoni suka yi sanyin jiki, sai manoma suka kafa ƙungiyoyin gama kai, maza da mata suna bi gida gida suna karɓar dala 5 kuɗin shiga, suna auna hanyar da waya za ta bi. Kafin 1953 gonaki tara cikin goma sun sami wuta, ɗaruruwan ƙungiyoyin nan kuwa suna aiki har yau. Ba mu ce sun kai ga kowa ba, gama wanda ba shi da abin jingina bai cika samun rance ba. Ba mu kuma ce Roosevelt ya kashe talaucin ba. Da ya rage kashe kuɗi a 1937 rashin aiki ya sāke tashi, bai kuwa kau sosai ba sai da Yaƙin Duniya na Biyu ya buɗe masana'antu.

Gwamnati ɗaya ce, shugaba ɗaya, shekaru ɗaya. Kuɗin da ya bi ta hannun mai ƙasa ya kori talaka daga gona, wanda ya bi ta hannun ƙungiya mai littafi da ƙuri'a ya bar abin da jikoki suke mora. Saboda haka ba mu tare da masu cewa a ƙyale gwamnati, gama akwai shekarar da sai rumbun ƙasa ne zai iya. Ba mu kuma tare da masu cewa a ajiye littafi a jira. Ran da mota ta tsaya da taki ko hatsi, malamin da ya zo da ita sunaye zai nema, wanda ya riga ya rubuta nasa kuwa shi za a ba.

To, sunayen wa ke cikin littattafanmu? A ƙungiyoyi da yawa mai gida ne kaɗai ake rubutawa, shi ma sai mai gonar gādo. Wanda yake noma gonar aro, da wanda ya jinginar da tasa yana yi wa wani ƙwadago, da gwauruwar da ke noma bayan gida, da matan da ke da gayaunarsu, sau da yawa ba su ciki. Muna roƙon kowane magatakarda ya karanta sunayen da ƙarfi a taron da ke zuwa, kafin ruwa ya sauka, a bar jama'a su faɗi waɗanda ba su ji an kira ba.