Martani: Takardun Masu Gonaki a Ailan Ba Kayan Gwanjo Ba Ne

Malam, ka rubuta cewa mai kaya ke da iko da kayansa, zanen Jack Yeats ne ko takardun kakanninsa. Zanen dai a yi gwanjonsa. Duk bangon da ya hau, yana nan ɗungurungum. Takardu fa? Ranar da aka raba su kashi-kashi, an kashe su.

Ka manta a 1922 wutar yaƙin basasa ta cinye ma'adanar takardun ƙasa a Dublin? Bayan wannan asara, littattafan haya na gidajen masu gonaki irin Strokestown ne suka riƙe talakawan da aka kora a yunwar 1847: suna, gona, bashin da ke wuyansu. Jikokinsu ma magada ne.

A miƙa takardun nan ga ɗakin karatu na ƙasa, a dunƙule.