Filin bayan gari a Damagaram: a tambayi ruwa kafin a tambayi kuɗi



Duk ɗan garinmu Kurni na ƙasar Kance da ya yi 'yan shekaru a Damagaram yana zaman haya ya san yadda ƙarshen wata yake zuwa da sallamar mai gida. Shi ya sa da zarar 'yan kuɗi sun taru, tunanin farko shi ne nasa na kansa, ko da ɗaki biyu ne da zaure. To amma Birni da Zango da Sabon Gari sun cika tun tuni, kuɗin kango ɗaya a can ya fi ƙarfin mai neman na tuwo. Sai dillali ya ɗora mutum a bayan babur, a bi hanyar Tanut ko ta Mirya ko wadda ta nufo Matamaye, har gine-gine su fara sirancewa, a tsaya a tsakiyar kututturan hatsi, a nuna masa duwatsun iyaka huɗu a ce: ga gidanka nan.

Ni ina goyon bayan mai wannan buri da zuciya ɗaya. Abin da nake roƙo shi ne, kafin a tambayi farashi a tambayi ruwa.

Damagaram gari ne da ke zaune a kan dutse. Ƙishirwarsa tsohuwa ce, tana ma cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke hedikwatar mulkin Faransa zuwa Yamai a 1926. Har gobe ruwan da gari ke sha daga nesa ake turo shi, daga rijiyoyin Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram. Idan bazara ta yi tsanani, unguwannin da ke da famfo ma sai an kwana ana gadin sa, balle filin da bututu bai kai ba. A can ba a haƙa rijiya a samu kamar yadda muka saba a fadamun Korama, inda ƙasa da kanta take shayar da rake. Kowace jarka saye ce, kuma nisan wuri yana ƙara mata kuɗi. Tun ranar buga bulo ake fara biya.

Wani ƙanena a dangi ya gina ɗaki biyu a irin wannan wuri. Na kai masa ziyara a watan Afrilu, na tarar da jarkoki takwas jere a gindin katanga, duk wayam, matarsa na wanke kwanuka a ruwan da ta fara wanke shinkafa da shi. Ya ce mini, “Yaya, haya na gudu, amma kuɗin ruwa da na kabu-kabu zuwa kasuwa sun kusa cinye abin da nake ba mai gida.” Yaransa biyu kuwa sai sun yi tafiyar ƙasa mai nisa kafin su isa lakkol.

Ruwan kuma fuska biyu gare shi. Filin da ka gani a bushe ƙarau da rani, mai yiwuwa hanyar ruwa ce ko gindin tafki. Ba mu manta damanar 2024 ba, wadda ta kayar da tsohon masallacin Birni a farkon watan Satumba, ginin da ya tsaya tun ƙarni na 19. Gani ya kori ji. A yi haƙuri a koma filin nan cikin Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, a cire takalmi a taka. A nemi tsohon da ya noma wurin shekara da shekaru, shi ya san inda ruwa ke kwana.

Batun takarda gajere ne. A ƙauye, tun dokar karkara ta 1993, kwamitin filaye da maigari suke shaida. A birni kuwa a je ma'aikatar magajin gari da ƙafa, a duba ko an yanka wurin a hukumance, ko lambar filin da sunan mai sayarwa sun dace da abin da ke cikin littafi. 'Yan'uwanmu na Kano suna kiran filin da ba a yi wa haka ba awon igiya, kuma sun ga yadda yake ƙarewa ba titi ba magudana. A kuma tuna cewa filin nan jiya gonar wani gida ce. Idan magaji ɗaya bai yarda ba, rigimar tana nan tana jiran mai saye.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne inda kuɗin ke fitowa. A ƙasar Kance, inda gona ta yi wa mutane kaɗan har mata da yara suke kama hanyar Aljeriya, ana samun mai sayar da rabonsa na fadama don ya riƙe fili a bakin birni. Fadamar nan tana ba da rake da rani, tana ciyar da gida a shekarar da hatsi bai yi ba. Ƙanen nan nawa da kuɗin fadamarsa ya yi gini. Bana, raken da ya kawo wa yaransa tsaraba daga Kurni, a hannun wanda ya sayar wa gonar ya saye shi.