Kafin Mu Ɗaura Wa Bas Tirela, Mu Tambayi Birki



Tun ranar da aka manna sanarwar yawon buɗe ido na ƙarshen zango, hira ɗaya ake yi a hostel da teburin mai shayi: wace mota za a ɗauka? Wasu sun ce Hiace ɗin nan da muke kira Homa, wasu sun dage sai Coaster. An yi gardama a kan esi, an yi a kan laushin kujera, har da mai tambayar ko sifikar motar tana da ƙara. Shirin kuwa shi ne a je bakin dam a yi kwana biyu, a jawo tirela ɗauke da kwalekwale, babura biyu na shiga gonaki, janareta da ruwan sha. Duk zaman da na yi ina saurare, ban ji wanda ya tambayi nauyin wannan kaya ba, ballantana ko motar za ta iya tsayawa da shi idan aka taka birki. Ni a ganina nan ya kamata a fara.

Ba a littafi na karanto ba, jiki magayi. Bara ina cikin waɗanda suka yi irin wannan tafiya a hanyar Funtua zuwa Malumfashi. Bas ce aka ɗauko haya, mai walda ya liƙa mata ƙugiya a baya ana gobe tafiya. Muna wuce Bakori, a wata 'yar gangara, sai tirelar ta fara kaɗa gindi, ta yi dama ta yi hagu, tana jan bayan bas ɗin. Direba ya danna birki, ƙauri ya cika motar, masu waƙa suka koma salati. Allah Ya tsare, muka tsaya a gefen titi. Da muka duba, waldar ta tsage, saura ƙiris tirelar ta ɓalle. Awa uku muka yi muna jiran bakanike, rana tana sauka, kowa na duba agogo, ba mai son faɗin abin da ke ransa.

Su waɗanda suka mayar da irin wannan yawo al'ada, kamar mutanen Amurka, suna da mota ta musamman, gida ne sukutum a kan taya, da gado da kicin da banɗaki, sannan su jawo jirgin ruwa ko baburan daji a baya. Amma mai hankali a cikinsu ba ya sayenta sai ya duba lambobi biyu: iyakar nauyin motar da mutanenta da kayanta, da kuma iyakar nauyin mota da tirela a haɗe. Waɗannan lambobi ba sirri ba ne. Suna jikin ƙaramin allon da ke ƙofar direba ko cikin littafin mota, kuma motocin da ake kawo mana daga Turai da su suke zuwa. Mu ne dai ba ma karantawa.

To mu yi lissafin, tunda 'yan poli ne mu. Mu ƙaddara tirelar ita kaɗai kilo 350 ce. Babura biyu, kowanne wajen kilo 120, sun ba da 240. Kwalekwale mu sa masa 150, janareta 50. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan jarka goma masu lita 25 kilo 250 ne. A ƙara shinkafa, tukwane, tamfol da tabarmi, a ce 100. Jimilla kilo 1,140, ya zarce nauyin buhun masara goma sha ɗaya. A ƙa'idar ƙasashen Turai, tirelar da ba ta da birkin kanta ba a yarda ta wuce kilo 750 ba. Ku faɗa mini, tirela nawa kuka taɓa gani da birki a cikin waɗanda ake ƙerawa a garejin walda? Ita kuma bas ɗin, mutum 18 a kilo 65 kowanne sun kai 1,170 tun ba a sa jakar kowa ba. Wato motar ta riga ta ƙoshi, sannan mu ɗaura mata wani tan guda da ɗoriya, mu ce birkin da aka yi mata ita kaɗai ya tsayar da duka.

Direbobinmu suna da wata magana: “Ai tana ja.” Gaskiya ne, tana ja. Ko jaki ka ɗora wa amalanke a kan kwalta zai motsa ta. Ja ba shi ne matsala ba, tsayawa ce. Ranar da akuya ta tsallako a Bakori, ko tanka ta yi burki a gabanka a hanyar Zariya, ƙarfin inji ba zai amfane ka da komai ba.

Akwai kuma yadda ake lodin. Kaya masu nauyi gaban tayoyin tirela ake sa su, kusan kashi 60 cikin 100, yadda wajen kashi 10 na nauyin zai danna kan ƙugiya. Idan aka tara nauyi a baya, shi ke kawo kaɗa gindin da ya kusa halaka mu. In ta fara, ba a danna birki da ƙarfi, ba a kokawa da sitiyari. Ɗage ƙafa ake daga totur a bar gudu ya sauka a hankali. Ƙugiya kuma a jikin shasi ake ɗaure ta da kusoshi, ba a jikin bamba ba. A haɗa da sarƙar ko-ta-kwana, fitilar birki da sigina a bayan tirela, da safaya taya tata ta kanta.

Shawarata ga shugabannin ƙungiya ita ce a raba aiki gida biyu. Bas ta ɗauki mutane kawai. Kaya kuma a ba akori-kura mai jan ƙafa huɗu. Sababbin Hilux an rubuta musu jan har kilo 3,500 idan tirelar tana da birki, amma kada sunan ya ruɗe mu, tsohuwar da ta gaji da jigilar masara sai an duba kuloci, lagireto da tayoyinta. Jan ƙafa huɗun ma ba ado ba ne: duk wanda ya san laka a bakin Dam ɗin Mairuwa ko na Gwaigwaye bayan damina ya san bas ba ta sauke kwalekwale a nan ta fito. In hakan ya gagara, a loda komai a bayan Canter a ɗaure, a manta da tirela.

Na san abin da ma'ajin ƙungiya zai ce: “Kwamared, mota biyu mai biyu ne.” Yana da hujja. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, kowace lita sai an yi mata lissafi, kuma kuɗin nan daga aljihun iyayenmu yake fitowa. Amma in kuɗi bai kai ba, kaya ake ragewa, ba a ƙara wa mota wahala. Akwai masunta a bakin dam, a yi hayar kwalekwalensu, mu dai mu je da rigunan kariya daga nutsewa. Babura ma akwai 'yan acaɓa a kowane ƙauye. Sai ka ga rabin nauyin ya tafi, mutanen garin kuma sun samu na cefane. Mota mai jan kaya ai ta fi shan mai, don haka arahar da ake hange ba ta kai yadda ake zato ba.

Sai maganar kwana, wadda ba na son a yi mata kara. Kafa tanti a bakin ruwa abin sha'awa ne a hoto, amma a kudancin Katsina muke. Ba mu manta da daren 11 ga Disamban 2020 ba, lokacin da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. Mutanen Faskari, Sabuwa da Dandume sun san abin da ake nufi da duhu ya riske ka a hanya. A wannan yanki, motar da ta lalace da la'asar ba maganar bakanike ba ce kawai, maganar rai ce. A fita bayan asuba, a dawo kafin magariba, a kwana a cikin gari, kuma a nemi shawarar hukumar makaranta da jami'an tsaro kafin a tsayar da wuri.

Ku kuma 'yan sashen injiniya, ga aikin kammala karatu a ƙofarku. Akwai birkin tirela da ke kama kansa da zarar tirelar ta tura motar da ke janta, ba ya buƙatar lantarki. Manoman masara, auduga da waken suya daga Funtua har Malumfashi kullum cikin jan kaya suke. Wanda ya ƙera musu irin wannan da kayan da ake samu a kasuwa, ya samu maki, ya samu sana'a.

A zaman majalisa mai zuwa, ina roƙon duk wakilin da zai ɗaga hannu ya fara tambaya: kilo nawa ne kayan, kilo nawa aka rubuta wa motar? In ba a kawo amsa a rubuce ba, kada a saki ko sisi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Allah Ya kai mu lafiya, Ya dawo da mu lafiya.