Daga Bagadaza Aka Ce Muka Zo

Fadar birnin Amman ta ƙasar Jodan tana da wani jerin sunaye da take tinƙaho da shi. Ta ce Sarki Abdullahi na Biyu, wanda ya hau gadon sarauta a 1999, jikan Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wajen Sayyidina Hasan ɗan Nana Faɗima, tana kuma lissafa kakanni fiye da 40 ɗaya bayan ɗaya. Sarakunan Maroko ma sharifai suke kiran kansu. Ba jayayya muka zo yi da wannan ba, don girmama zuriyar Annabi abu ne da muka taso muka tarar. Abin da ke damunmu, 'yan'uwa ɗalibai, shi ne yadda jin irin wannan salsala ke sa mu raina tamu, har mu shiga neman wani Balarabe da za mu rataya masa asalinmu.

Mu fara duba abin da nasabar ta yi wa masu ita. Sharif Husaini ɗan Ali, kakan kakan Sarkin Jodan na yanzu, shi ne ke riƙe da Makka, amma a 1924 mayaƙan Abdul'aziz ɗan Sa'ud, wanda gidansu ba na sharifai ba ne, suka raba shi da birnin, ya yi shekaru yana zaman hijira a tsibirin Kubrus. A ranar 14 ga Yuli 1958 kuma soja suka harbe Sarki Faisal na Biyu na Iraƙi, ɗan wannan gida, a fadarsa ta Bagadaza, yana da shekara 23. Salsalarsu na nan daram, mulkin ne ya tafi.

To, a wannan Bagadaza ɗin aka ce mu Hausawa muka samo sarakunanmu. Tun muna firamare aka karantar da mu cewa Bayajida ɗan Sarkin Bagadaza ne, ya biyo ta Barno, ya kashe maciji a rijiyar Kusugu, ya auri Daurama, ya haifi Bawo, kuma ɗaya daga cikin 'ya'yan Bawo, wato Gunguma, shi ya fara sarautar Zazzau. Labari ne mai daɗi, ba mu kuma ce a daina ba wa yara shi ba. Amma a kula: a cikin labarin kansa, baƙon ya tarar da gari mai sarauniya da rijiya da jama'a, ya kuma biyo ta Gaya inda maƙera suka ƙera masa wuƙa. Ashe da ƙasa da sana'a da mulki tun kafin ya iso. Tun a 1970 Farfesa Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna cewa birane da sarautun Hausa sun tofo ne a hankali daga ƙauyuka da kasuwanni, ba wani jarumi ɗaya ya zo da su a kan doki ba. Kuma ba mu kaɗai ke waiwayen gabas ba. Sarakunan Barno na dauri sun jingina kansu da Saifu ɗan Zi Yazan na Yaman, Toronkawa kuma da Uƙba ɗan Nafi'u. Kowa dai so yake a ce tushensa na kusa da alƙibla.

A nan ƙasar Zazzau kuwa, inda Ikara da Makarfi da Kudan suke, ba sai mun yi kame-kame ba, don salsalar sarautarmu a rubuce take. Bayan jihadi gidaje huɗu ne suka riƙe sarauta: Mallawa zuriyar Malam Musa, Barebari zuriyar Yamusa, Katsinawa zuriyar Abdulkarimu, da Sulluɓawa. Sunayen kaɗai sun ishi mai hankali. Wani daga Mali ake danganta shi, wani daga Barno, wani daga Katsina, kuma duk suka zama Zagezagi, babu wanda ya ce da su baƙi. Su kuwa zuriyar Haɓe da aka kora, su ne suka kafa Abuja ta dā a 1828, wadda yau ake kira Suleja. Nasaba na da aiki a wannan tsari, kowa ya gani a 2020, da Alhaji Shehu Idris ya rasu bayan shekara 45 a kan gado, aka naɗa Alhaji Ahmad Nuhu Bamalli, sarautar ta koma gidan Mallawa shekara 100 cif bayan Turawa sun tuɓe Alu ɗan Sidi a 1920. Amma aikinta bai wuce nuna waɗanda ke iya nema ba. Ba ta gina asibiti, ba ta gyara hanyar da ake fito da rake.

Inda abin ya taɓa mu kai tsaye shi ne teburin ofis. Ɗalibi mai neman gurbi ko tallafin karatu, da matashi mai neman aikin gwamnati, sai ya kawo takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Sau nawa muka ji an ce da wani, wanda a nan aka yanke masa cibiya, a nan aka binne kakansa, wai kakan nan nasa daga Kano ya zo fatauci, saboda haka shi ba ɗan gari ba ne? Mai faɗin haka kuma, in ka zauna da shi da yamma, zai gaya maka kakanninsa daga Misira suka taso. Wato wanda ya zo daga nesa shi ne mai asali, wanda ya zo daga maƙwabta shi ne baƙo! Su kuwa Maguzawan da ke karkararmu, waɗanda in tsufa a ƙasa ake nema ba mai ja da su, da wuya ka ji wanda ke alfahari da cewa jininsu ɗaya.

Mu da muka samu ilmin boko, kuma gobe mu za mu zauna a waɗannan tebura, mu ne abin kunyar ya fi hawa kanmu. Da yawanmu na iya jero sarakunan Ingila da na Saudiyya, amma a tambaye mu sunan mahaifin kakanmu sai mu yi zuru. Larabawan da muke sha'awa sun fi mu ne da abu guda: sun rubuta nasu. Tsofaffin da suka san wanda ya sari Furana, da inda masaƙa da marina na Paki ko Hunkuyi suka fito, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, maroƙan da ke riƙe da kirarin gidaje kuma 'ya'yansu sun kama wasu sana'o'in.

Shawararmu ga ƙungiyar ɗalibai ita ce, a hutu mai zuwa kowannenmu ya ɗauki littafi da alƙalami, ko wayar da ke aljihunsa, ya durƙusa gaban tsohuwar gidansu da limamin unguwa da mai gari. Abin da aka gaya masa ya rubuta shi yadda aka faɗa, ko kakan maƙeri ne, ko mafarauci, ko bawa ne da aka 'yanta, kada ya ƙara masa rawani. A tara kwafi ɗaya a ofishin ƙungiya, ɗaya kuma a miƙa wa Gidan Arewa da ke Kaduna.