Gurbi A Manyan Makarantun Kuɗi: Agusta Ba Lokacin Nema Ba Ne

Duk shekara, da watan Agusta ya kama, ofisoshin manyan makarantun kuɗi a Kano da Kaduna da Abuja kan cika da iyaye riƙe da sakamakon firamare da hotunan fasfo. Amsar da akasarinsu ke samu ɗaya ce: an rufe ɗauka. Daga nan sai a shiga buge-bugen waya ana neman wanda ya san shugaban makaranta, ko a fara ƙorafin cewa 'ya'yan manya kaɗai ake ɗauka. Wani lokacin ƙorafin yana da tushe. Amma yawancin iyayen nan sun makara ne da kusan shekara guda.

A watan Satumba ake komawa sabuwar shekarar karatu, sai dai makarantun da ake rububinsu sun daɗe da gama zaɓe kafin lokacin. Da yawansu kan fara sayar da fom tun yaro yana zangon farko na aji shida. Jarrabawa ta biyo baya bayan 'yan watanni, sai ganawa da yaro da iyayensa, sannan a ba wanda ya yi nasara 'yan kwanaki ya biya kuɗin riƙe gurbi. Bahaushe ya ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wurwuri, to amma a nan ko mai kuɗin ya zo a makare sai ya tarar da ƙofa a kulle.

Ƙofar kuma ba ta da yawa. Babbar mashiga ita ce aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Kwalejin Loyola Jesuit da ke Gidan Mangoro a Abuja, wadda aka buɗe a 1996, a wannan aji take ɗaukar ɗalibanta. A sauran makarantu ma, gurbi a aji biyu ko uku ba ya samuwa sai wani ya bar makarantar. Hanyar tallafi ita ma tana da lokacinta. Makarantun NTIC, masu rassa a Kano da Kaduna da Yobe, suna ba da tallafin karatu ga zakarun gasar lissafi da suke shiryawa duk shekara tare da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa. Uban da ya ji labarin gasar bayan an raba kyaututtuka, sai dai ya jira baɗi.

Sammako daban, gaggawa daban. Wasu iyayen kan cire yaro daga aji huɗu ko biyar su tura shi jarrabawa, don kawai a ce ɗansu ya yi tsallake. Lissafin a fili yake: wanda ya shiga sakandare yana da shekara 9 zai gama yana da 15, alhali shekara 16 ce mafi ƙaranci da gwamnatin tarayya ta gindaya don shiga jami'a. Ga shi an kai shi makarantar kwana tun bai iya wanke kayansa ba, ga zaman jira a gida daga ƙarshe. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Su ma makarantun akwai nauyi a kansu. Suna sayar da fom da tsada, kuɗin da ba a mayarwa, amma ƙalilan ne ke faɗin gurbi nawa suke da shi. A ɗauka makaranta na da gurbi 100, yara 1,000 suka zauna jarrabawa. Uba zai zaci damar ɗansa ɗaya ce cikin goma. To idan an ware rabin guraben ga ɗaliban sashen firamarenta da ƙannen tsofaffin ɗalibai da 'ya'yan ma'aikata, damar yaron da ya fito daga waje ta kusan raguwa da rabi, uban kuma bai sani ba. Ware gurabe ba laifi ba ne. Ɓoye shi ne laifi.

Ya kamata ma'aikatun ilimi na jihohi, waɗanda ke yi wa makarantun kuɗi rajista, su wajabta wa kowace ta wallafa abu huɗu kafin ta sayar da fom ko ɗaya: yawan gurabe, yawan waɗanda suka nema bara, guraben da aka keɓe, da ranakun jarrabawa da sakamako. Haka nan a faɗa wa duk wanda aka sa a jerin jira lambarsa.

Iyaye kuwa su fara tambaya tun yaro yana aji biyar, kuma kada su rataya komai a makaranta ɗaya. A haɗa da wadda samunta ya fi sauƙi, a kuma yi rajistar jarrabawar NECO ta shiga kwalejojin tarayya. Idan sakamako ya fito babu sunan yaro, a kula da abin da za a faɗa masa. Yaro ɗan shekara 11 da ya rasa gurbi cikin ɗaruruwan masu nema ba daƙiƙi ba ne. Kujeru ne suka yi kaɗan.